Rabin Titin Gwaggo

Mijin gwaggona mai sharar titi ne, ita ma haka, kuma a kan titin da shagon ɗinkina yake suka ƙare rayuwarsu suna faɗa. Baba Zagaye kowa ke ce masa. Sunansa na yanka ya ɓace tun kafin in yi wayo, har in wani baƙo ya kira shi da shi, sai ya waiga ya ga da wa ake.

A wurin aiki ya samo sunan. A unguwarmu ba tituna ake raba wa masu shara ba, gidaje ake raba musu. Kowa a ba shi dunƙule guda, wato gidajen da suka haɗa baya, tituna suka kewaye su. Mai shara zai tashi daga gindin durom ɗin zuba shararsa da baro da doguwar tsintsiya, ya sa bango a hannun hagu, ya yi ta bin bangon nan yana shara, ba ya wuce tsakiyar titi, har tafiya ta dawo da shi gindin durom ɗin ya juye. Shi ne zagaye. Da haka kowane titi yake samun mutum biyu, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Tunda kuma kowa bango na hagunsa, ba sa bin bayan juna, fuskantar juna suke yi. Wannan na gangarowa, wancan na haurowa, su haɗu a hanya su gaisa, kowa ya wuce.

Baba ya ɗauki wannan tsari tamkar shi ya ƙirƙiro shi. In ka kuskura ka tambaye shi lafiyar aiki, to ka ajiye almakashinka, don sai ya zana maka unguwar kaf a ƙasa da gindin tsintsiya. "Titi ba na mutum ɗaya ba ne," haka yake rufe bayaninsa kullum. Abu ɗaya ne yake ɓata masa zanen, lungun masu walda, wanda ba ya ɓullewa ko'ina. Wanda lungun ya faɗo a rabonsa shi zai shiga yana share gefe ɗaya, ya tarar da bango, ya juyo yana share ɗaya gefen, ba wanda zai ce masa sannu. Baba yana kiran wannan aikin gwauro. Ko a hanyar kasuwa muka zo wucewa ta bakin lungun, sai ya yi tsaki ya kau da kai.

Titinmu shi ne iyakar da ke tsakanin zagayensa da na Gwaggo. Gefen shagona nata ne, gefen gidan burodi nasa. Ita daga sama take shigowa, ta kusa da ƙofata, shi kuma daga can ƙasa yake ɓullowa ta kwanar gidan burodi, su haɗu a bakin famfon da ke tsakiya. A nan suka fara ganin juna suna matasa, kuma da faɗa suka fara, wai ya turo mata ƙurarsa. Aure bai kashe faɗan ba, wuri kawai ya ƙara masa. Allah bai ba su haihuwa ba, sai ni da na tashi a hannunsu bayan rasuwar iyayena, don haka na sha kallon wannan wasa tun ina ɗan koyo har na zama mai shago.

"Malam Agogo, ga kayanka," in ji Gwaggo, ta nuna wata takardar alewa da ta tsallako layi. "Ko ita ma iska ce ta kawo ta?"

"Ke dai ki ji da tsintsiyarki," in ji shi. "Mace ta tsufa a shara ba ta iya ɗaurin tsintsiya ba. Ni da kunya ma nake faɗa wa mutane matata ce."

Maganar tsintsiyar nan ita ce babbar ƙararsa a kanta. Tsintsiyarsu a jikin doguwar sanda ake ɗaure ta da robar tayar keke. Kowace yamma Baba zai zauna a ƙofar ɗaki ya ɗaure tasa, ya jawo tata ya ɗaure, yana ja da haƙori har jijiyar wuyansa ta tashi. Amma duk safiya da zarar ya karyo kwanar gidan burodi, abin da zai fara hangowa can sama shi ne Gwaggo a sunkuye gindin falwayar ƙofar shagona, tana ƙarasa ɗaure tsintsiya. Wata rana ya ce hannunta ne ba kyau, wata rana ya ce sandar ce ta yi santsi. Ya canza sanda, ya canza roba, bai canza zani ba. Ita kuwa sai ta ce, "To ya zan yi? Tsintsiyar ma ta san wanda ya ɗaure ta."

Abin alfaharinsa na biyu ƙafarsa ce. Yana cewa ƙafarsa agogo ce, shi ya sa take kiransa Malam Agogo. Daidai lokacin da ake ɗaga ƙofar ƙarfe ta gidan burodi, ƙararta na cika layin, shi kuma yake karyo kwana. Kuma duk tsawon shekarun nan a bakin famfo suke haɗuwa, ba gaba ba baya. "Ni nake auna tafiyata da tata," yakan ce da ni. "In na biye wa saurina, kafin ta gama fama da tsintsiya na kai gida." Ni dai in ya faɗi haka sai in sa zare a baki, don kada dariya ta tona ni. Gwaggo ta riga ta ja min kunne a kan wannan magana tun ina yaro, kuma Gwaggo ba ta jan kunne sau biyu.

Akwai wani hutu da babbar 'yata ta dawo daga jami'a, lissafi take karantawa. Ta tarar da Baba yana yi wa wani mai kawo min yadi zanen nan nasa, ta tsuguna ta ce, "Kaka, ai wannan a ajinmu ake yin sa." Ta karɓi allin ɗinkina ta yi ɗige-ɗige a kan tebur, ta haɗa su da layuka. Ta ce ɗigon mahaɗa ne, layin titi ne, kuma masana sun daɗe suna kai-kawo a kan tambaya ɗaya: komai cukurkuɗewar zanen, ko za a iya samun zagaye-zagayen da za su bi ta kan kowane layi sau biyu cif?

"Kuma biyansu ake yi?" in ji Baba. "Amarya, ki ce su zo in ba su tsintsiya."

Ta yi dariya ta ce namu mai sauƙi ne don a shimfiɗe yake a ƙasa, akwai waɗanda layukansu ke hawa kan juna, ba dunƙulen da za a bi bangonsa. Ya kalli teburin, sai ya ja wani ɗan layi da yatsa, ya bar shi a tsaye bai haɗa shi da komai ba. "Wannan fa? Lungun da ba ya ɓullewa?"

"Shi ba ya shiga kowane zagaye, Kaka. Tun farko ake cire shi daga maganar."

"To ashe suna da hankali," in ji shi, ya goge yatsansa a riga.

Ranar da abin ya faru ba ta da wata alama. Sun fito tare da sassafe, suka rabu a mahaɗa kamar kullum. Ni na buɗe shago ina jiran ƙarar tsintsiyarta, shiru. Can sai ga mai kemis na bayan layi a guje, ya ce Gwaggo ta faɗi a ƙofarsa, an sa ta a mota an yi asibiti da ita. Tsintsiyarta ce a hannunsa, bai ma san ya riƙo ta ba. Na karɓa na jingine a bayan ƙofa. Ina fitowa na ji an ɗaga ƙofar gidan burodi, na ga Baba ya karyo kwana. Ya yi ta sharar sa har bakin famfo, ya tsaya, ya dogara da sanda yana leƙen sama. Ban taɓa jin nisan titin nan ba sai ranar. Da na isa, kafin in buɗe baki ya ce, "Tsintsiyar ce ko? Na faɗa mata."

Ba ta kwana biyu a asibiti ba. Allah ya jiƙan Gwaggo. Na rasa uwa a karo na biyu, kuma na biyun ya fi zafi, don wannan na san ta.

Bayan kwanaki Baba ya koma aiki, muka ce alhamdulillahi, aiki zai ɗebe masa kewa. Ashe ba mu san abin da ke tafe ba. Zai karyo kwana a kan lokaci, ya share gefensa fes, ya tsaya a tsakiyar titi kamar an ja masa layi da rular tela. Ya ɗan jima a bakin famfo, ya wuce. Gefen Gwaggo kuwa, wato gefenmu, leda da ɓawon lemo da ƙura suka fara taruwa. Titi ya zama kamar kan da aka aske rabi aka bari. Wata safiya na fito da 'yar tsintsiyar shago zan kakkaɓe ƙofata, sai na ji muryarsa daga tsallake.

"Kai, Tela! Bar mata aikinta. Ba ka san yadda take so ba."

Na koma ciki na zauna a kan keken ɗinki, na kasa taka shi.

Maƙwabta sun yi kawaici iya kawaici. Amma mai sayar da kayan marmari ƙudaje sun fara damun sa, mai gyaran waya kuma dama bakinsa ba ya shiru. Magana ta kai ma'aikatar tsafta, sai ga shugaban masu shara da kansa. Ba mugun mutum ba ne, Baba ne ma ya koya masa riƙon tsintsiya. A shagona ya same shi, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. An daina ɗaukar sababbin ma'aikata. Duk wanda ya rasu, maƙwabtan zagayensa ke raba aikinsa, kowa ya haɗa gefe biyu na titin da suka yi iyaka. Sauran sun riga sun karɓi nasu. Saura titinmu.

"Baba, taku kaɗan ne," in ji shi. "Ka haura ta gefenka, ka gangaro ta nata, shi ke nan."

"In haura in gangaro ni kaɗai," in ji Baba. "Ka san sunan wannan aikin?"

Shugaba ya sunkuyar da kai. Ya sani, duk wanda ya yi aiki da Baba ya sani.

"Titin nan ɓullewa yake yi, yaro. Ba lungu ba ne."

"Na sani, Baba. Amma ni ma akwai na sama da ni. In Litinin ta yi ba a share ba, dole in ba wani titin gaba ɗaya, kai kuma a sallame ka ka huta."

Ka huta! Na san inda zai huta ɗin, ɗaki ɗaya ne a bayan gidan haya, kuma na san mutum irin Baba in aka raba shi da titin nan ba zai ga wata damina ba. Amma na san kuma abin da tsallaka tsakiyar yake nufi a wurinsa. Muddin rabin nan yana nan ba a share ba, to mai shi makara ta yi.

Ranar Lahadi da la'asar na same shi a ɗakin. Komai na nan yadda ta bari. Takalmanta na roba a bakin ƙofa, ɗaya ya hau kan ɗaya. Ƙusa biyu a bango, tsintsiyarsa a rataye a ɗaya, ɗayar ba komai. Rediyonsu a kan taga, an rufe shi da ƙyallen da na taɓa yi mata da ragowar yadi. Yana zaune a bakin gado da roba a hannu, ya gama ɗaure tasa, ya rasa abin da zai yi da sauran.

Na fara da lallashi. Na ce ya dawo gidana, akwai ɗaki, yara za su ji daɗi. Ya ce shi ba kaya ba ne da za a ajiye. Na ce to ya bari in sa a riƙa share gefen a ɓoye, a ce shi ne. Ya ce bai taɓa cin albashin ƙarya ba, ba zai fara da furfura ba. Duk ƙofar da na buɗe sai ya rufe ta. Ni kuma haƙurina gajere ne, kowa ya sani, a wurin Gwaggo na gado.

"Baba, wallahi taurin kanka ya ishe ni," na ce. "Ita ta tafi, kai kuma kana so ka bi ta da gangan, ka bar ni da wa? Da tana nan ta ga gefenta a haka, kana jin za ta gode maka? Matar da ko ɓawon gyaɗa ba ta bari?"

Na ɗauka zai kore ni. Sai ya yi ta juya robar a yatsunsa.

"Za ta ce ni na turo mata," in ji shi a hankali. Ya ɗan yi abin da ya yi kama da dariya, sai ya share fuska da hannun riga. Can ya ce, "Tsintsiyarta tana wurinka?"

"Tana bayan ƙofa."

"Ka buɗe da wuri gobe."

Gari bai gama wayewa ba na buɗe, na tarar da shi a tsaye yana jira. Bai zo da tsintsiyarsa ba, baronta kawai ya turo. Na miƙa masa ta Gwaggo, ya juya ta yana duba ɗaurin. Nasa ne, na yammacin ƙarshe, ba wanda ya taɓa shi tun ranar.

"Ba zan tsallako daga tsakiya kamar ɓarawo ba," ya ce. "Daga inda take farawa zan fara, in zagayo yadda take zagayowa. Yau ɗaya dai a yi mata aikinta cikakke." Ya ɗaga tsintsiyar ya nuna min. "Kuma ka zuba ido. Kafin in iso nan za ta kwance. Na faɗa muku sandar ce."

Ya tura baronta ya haura, ya sha kwana zuwa gindin durom ɗinta. A iya sanina bai taɓa taka bayan dunƙulen nan da tsintsiya ba, don mai shara ba ya shiga zagayen wani, ko da matarsa ce. Bai san cewa gidajen baya 'yan ƙanana ne ba, kuma rabin layin katangar makaranta ce da ba a zubar da komai a gindinta. Ni na sani. Na zauna a kan benci a ƙofar shago.

Ba a jima ba na fara jin tsintsiya daga sama, shar, shar, irin jan sa mai nauyi, ba irin nata ba. Ya shigo titinmu bango na hagunsa, yana tura tarin da ya kwana biyu yana jira. Ya iso gindin falwaya. Nan ne titin yake ɗan lanƙwasa, kuma nan ne kaɗai a gefenmu da mutum zai tsaya ya hango har ƙarshen layi. Ya ɗago kai don ya miƙe baya, sai ya tsaya cak.

Fitilun titi ba su ma mutu ba. Can ƙasa ƙofar gidan burodi a rufe take ruf, ko hayaƙin farko bai gama tashi ba. A irin wannan lokaci shi yana can bayan nasa dunƙulen, ko rabi bai yi ba. Ya dubi ƙofar, ya dubi sama, kamar mai neman wanda ya taɓa masa agogo. Sannan ya sauke ido kan tsintsiyar. Ya kama ta ya girgiza. Ya buga gindinta a ƙasa, ya sake girgizawa. Ɗaurin na nan daram, ko tsinke ɗaya bai zame ba.

Da ya yi magana, bai dube ni ba.

"Tela. A nan take tsayawa?"

"A nan, Baba."

"Kullum?"

"Kullum. Ita take kwance ɗaurin da hannunta, ta yi ta ɗaurawa tana leƙen kwanar can. Sai ta hango hularka take ƙarasawa."

"Kai kuma ka sani."

"Ta ce in na faɗa, sai ta cire min kunne. Ta ce a bar Malam Agogo da agogonsa."

Na miƙe zan kama shi, ya ɗaga min hannu. Ban taɓa jin tausayin ɗan Adam kamar yadda na ji nasa a safiyar nan ba, kuma ba abin da zan iya yi masa.

Ya jingina da falwayar, ya sunkuya kamar yadda take sunkuyawa. Ya sa farce ya ɓanɓare kan robar, ya warware ta kaf har tsinkayen suka baje a hannunsa. Ya tattara su, ya daidaita gindinsu a tafinsa, ya fara naɗawa a hankali, yana yi yana ɗaga ido. Fitilu suka mutu. Wani mai keke ya wuce. Can aka ɗaga ƙofar gidan burodi, ƙararta ta cika layin, Baba ya tsayar da hannunsa yana kallon kwanar.

Da ya ga ba wanda ya ɓullo, sai ya ja robar da haƙori ya ƙulle, ya ci gaba da shara zuwa bakin famfo.